Rijiya ta ƙafe da bazara, ta gurɓace da damina: ina za mu zuba kuɗin gari?

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu a yankin Haɗeja. Shekarun nan abu biyu ne ke addabarmu. Da bazara rijiyoyi su ƙafe, jarkar ruwa ta yi tsada. Da damina kuma ruwa ya shigo gari, masai su cika su tumbatsa, yara su kama amai da gudawa. Ana ta ce mana sauyin yanayi ne. Mun tara kuɗi, wasu na cewa mu haƙa rijiyar burtsatse mai zurfi mai sola kowa ya huta. Shin ita ce mafita?

Amsa: Malam Sakatare, Allah ya saka muku da alheri. Garin da ya tara kuɗinsa da kansa don ruwa ya kama hanya, domin abin da ya fi kashe ayyukan ruwa a karkararmu shi ne rashin mai su. Amma bari in faɗa maka tun daga farko: idan kuka zuba kuɗin nan kaf a burtsatse ɗaya, kun rage wahalar bazara, ba ku taɓa ta damina ba, kuma ta daminar ce ke ɗauke mana yara. Na daɗe ina aikin ruwan sha a ƙauyuka da ƙananan garuruwa. Abin da na ga yana raba garin da ya tsira da wanda ya kwanta shi ne yadda aka gina bakin rijiya, da inda masai yake, da ko akwai kuɗin gyara a ajiye. Zurfi yana zuwa ne bayan waɗannan.

Batun sauyin yanayi gaskiya ne, sai dai ya kamata mu san kamannin da ya zo mana da su. Iyayenmu sun sha farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1985, zamanin da Tafkin Chadi, wanda a shekarun 1960 ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, ya tsuke ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Daga shekarun 1990 ruwan sama ya farfaɗo, amma da wata ɗabi'a dabam. A da marka kan kwana ta wuni tana zuba a hankali, ƙasa na sha. Yanzu hadari ɗaya kan juye ruwa mai yawa cikin 'yan awanni, ya tafi, a yi kwanaki ba ɗigo. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017, wanda ya duba hotunan tauraron ɗan'adam, ya gano cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Iska in ta ƙara zafi da digiri ɗaya, tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100, kuma duk abin da ta ɗauka sai ta sauke. A ɗaya gefen, zafin bazara na shanye tafkuna da madatsu da wuri, mutane da dabbobi kuma na ƙara buƙatar sha. A farkon 2018 ruwan madatsar Goronyo, wadda birnin Sakkwato ya dogara da ita, ya ja har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take ɗauka.

To amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A yankinku tsagar a fili take. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, tafiyar kogin Haɗeja ta sauya. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, shi kuma in ya rasa hanyarsa sai ya nemi ta gari, kamar yadda Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da Ringim suka gani a 2020 da 2022. Kududdufan da kakanni suka bari a tsakiyar gari, inda aka ɗebi ƙasar gini, su ne ke karɓar ruwan sama su shayar da ƙasa a hankali. Mun cike su da shara mun yanka filaye. Kwatoci sun cika da leda. Da rani kuma, je ka fadama ka ƙirga injinan ban-ruwa nawa ke zuƙa daga ruwan da rijiyoyinku ke sha. Ina nanata wannan ne don idan aka ɗora komai a kan sauyin yanayi, mutane kan naɗe hannu. Hadari ba a hannunku yake ba, amma kududdufi da kwata da masai da bakin rijiya duk a hannunku suke.

Yanzu ga yadda damina ke shigar da cuta cikin ruwan sha. Hanya biyu ce. Ta sama: ambaliya ta shiga masai ta kwaso abin da ke ciki, ta haɗa da kashin dabbobi da na yara da ke bayan gida, ta malala cikin rijiyar da bakinta ke daidai da ƙasa. Ta ƙasa kuma, wadda ba a gani: a ƙasar yashi irin taku ruwan ƙarƙashin ƙasa kan taso sosai a watan Agusta da Satumba, har ya taɓo gindin ramin masai. Muddin akwai busasshiyar ƙasa tsakanin gindin rami da ruwan, ƙasar na tace ƙwayoyin cuta. Da zarar ruwan ya taɓa ramin, tacewa ta ƙare, masai da rijiya sun zama ruwa ɗaya. Shi ya sa ƙa'idar aikinmu ta ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, gindin rami kuma ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. A lura, ruwan ƙasa na ƙarshen damina ake nufi. Yawancin masai da rani ake haƙa su, mai haƙa ya ga ƙasa a bushe ya yi ta nutsawa, maigida na murna ya samu rami mai zurfi da zai daɗe bai cika ba.

Burtsatse ma ba ta tsira ba. Akwai wani ƙauye da aka kira mu bayan gudawa ta kwantar da yara da dama. Mutanen sun rantse ba daga ruwa ba ne, domin sun daina shan rijiyar guga, kowa famfon tuƙa-tuƙa yake sha, ruwan kuma garau kamar hawaye. Na durƙusa a gindin famfon. Daɓen simintin ya dare, ƙasar ƙarƙashinsa ta zaizaye, na zura hannuna har wuyan hannu a gefen bututun ban taɓa komai ba. Wanda ya haƙa bai zuba simintin da ake toshe kewayen bututu da shi ba, ya mayar da ƙasar haƙa kawai ya yi daɓe a sama. Taku kaɗan daga wurin ga kwatamin da awaki ke sha. Duk ruwan da ya kwanta a wurin yana bin jikin bututu ya gangara kai tsaye. Muka ɗebi ruwan a 'yar kwalbar gwaji, irin wadda ke yin baƙi idan akwai alamar ƙazantar bayan gida, muka ba mai unguwa ya ajiye a ɗakinsa. Washegari da yamma ya fito da ita baƙa ƙirin. Babu wanda ya sake musu. Rijiyar nan ta yi zurfi sosai, zurfin bai hana komai ba, gyaran kuwa bai wuce buhunan siminti kaɗan da aikin kwana biyu ba.

Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara su huɗu suka ɗauki fiye da rabin masu cutar. A Maiduguri, da madatsar Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba 2024, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya mamaye unguwanni da rijiyoyinsu da masansu, kuma madatsar da ta ɓalle ita ce ke ba gidan ruwan birnin ruwa. Wata guda bai cika ba gwamnatin Borno ta sanar da ɓullar kwalara. Ruwan ambaliya kan janye cikin kwanaki, cutar da ya bari kan yi watanni.

To me za ku yi? Kafin ku kira ɗan kwangila, ku fita da dattawa, musamman tsofaffin mata da suka san kowace rijiya, ku zaga gari. Ku nemi layin da ruwan 2020 da 2022 ya bari a jikin katangar masallaci ko makaranta, ku ja masa fenti. Wannan layin shi ne ma'auninku. Duk bakin rijiya, duk daɓen masai, duk akwatin wutar sola, ya ɗara shi da aƙalla kamu biyu, don ambaliyar gaba tana iya wuce ta baya. Ku kuma rubuta wace rijiya ce ke fara ƙafewa, a wane wata, wacce ce ba ta taɓa ƙafewa ba ko a farin 1984. Wannan sanin ya fi na'ura da yawa daraja, kuma babu mai ba ku shi sai mutanenku.

Sai ku fara da abin da kuke da shi. Rijiyar guga da ke ƙafewa a watan Afrilu ba lallai ta mutu ba. Sau da yawa yashi ya cike ta, ko kuma an haƙa ta da kaka lokacin da ruwa ke sama. A yashe ta a ƙara mata zurfi a ƙarshen bazara, a sa zoben kankare, a liƙe mahaɗar zobban sama da siminti, a ɗaga baki, a yi daɓe mai gangara da 'yar kwata mai kai ruwan da ya zube nesa, a sa murfi. Guga ya zama ɗaya na rijiyar, a rataye, maimakon kowa ya zo da nasa ya ajiye a taɓo. Famfunan tuƙa-tuƙa da suka tsaya, a duba su ɗaya bayan ɗaya; da yawa roba ce ta cinye ko sanda ta tsinke. Ni ra'ayina, gari ya fi aminci da wuraren ɗiba huɗu matsakaita a unguwanni dabam-dabam da ya dogara da babba ɗaya. Ranar da injin ya ƙone ko aka sace farantan sola, kowa kogi zai koma.

Idan bayan wannan har yanzu ruwa bai isa ba, to a haƙa burtsatsen, kuma a nan kun yi sa'a. Yankin Haɗeja na kan ƙasar yashi da laka ta kwarin Chadi, wadda ke riƙe ruwa hawa-hawa. Ba kamar Kano ko Zariya ko Damagaram ba, inda dutse ke ƙasa, ruwa sai a ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa, ƙarin zurfi kuma ba ya nufin ƙarin ruwa. Damagaram har yau daga wajen gari ake jawo mata ruwa saboda haka. A wajenku ana iya wuce ruwan sama-sama da masai ke taɓawa a kai wanda laka ta rufe. Amma a rubuta sharuɗɗa a takarda. A haƙa a tudu, sama da masai da makwantar ruwa. A toshe kewayen bututu da siminti aƙalla mita biyar daga sama, kuma wakilinku ya tsaya ya ga an zuba da idonsa, don wannan ne aikin da aka fi tsallakewa tunda ƙasa ke rufe shi. A ja ruwa awanni da yawa a jere ana auna yadda yake sauka da yadda yake dawowa, a ba ku sakamakon da bayanin ƙasar da aka ratsa. A kai ruwan ɗakin gwaji. Kada a biya kason ƙarshe sai an yi duk wannan. Ku nemi injiniyan hukumar ruwa da tsaftar karkara ta jiha ya duba muku aikin, aikinsa ne.

Sola abu ne mai kyau, ta raba mu da kuɗin mai. Sai dai ƙarfinta na raguwa a ƙurar hunturu da kuma ranakun hadari na Agusta, wato daidai lokacin da kuka fi buƙatar ruwa mai tsafta. Maganin shi ne tanki, ba batir ba. Yi lissafi: mutum ɗaya na buƙatar aƙalla lita 20 a rana don sha da girki da ɗan wanka. Mutum 2,000 ke nan lita 40,000 a rana, ban da dabbobi, kuma saniya da bazara ta fi mutum sha. In tankin bai kai ya ɗauki ruwan yini guda ba, za a yi ta layi da faɗa a bakin famfo. A naɗa wanda zai riƙa goge farantan. A kuma sa abin da ke kashe injin idan tanki ya cika, domin na sha ganin tanki na ambaliya tun hantsi har la'asar, ana zubar da ruwan da za a nema a watan Mayu.

Mu dawo kan masai, inda nake so kaso mai tsoka na kuɗin ya tafi, ko da yake na san shi ne mafi wuyar sayarwa a taro. Kowa na son a ɗauki hotonsa a gindin tanki. A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili, abin alfahari ne ƙwarai. Amma masan da aka rufe da itace da ƙasa ba ya jure ambaliya. Ya rufta, maigida na fama da gyaran ɗaki da asarar gona, masai ne na ƙarshe a lissafinsa, iyali su koma bayan gari. A wurin da ruwa ke tasowa, masai sama ake ɗaga shi maimakon a nutsa ƙasa: rami gajere mai faɗi, a gina shi da bulo, ginin ya fito sama da ƙasa, a yi masa tudu a dandaƙe, daɓen kankare da murfi, da matakala mai sauƙi saboda tsofaffi da masu juna biyu. Wanda ke da fili ya yi ramuka biyu, in ɗaya ya cika a rufe shi a koma ɗayan. Bayan shekara biyu abin da ke ciki ya bushe ya zama taki. Ƙungiya ba za ta iya gina wa kowa ba, amma za ta iya sayen ma'aunin zuba daɓe, ta koya wa magina biyu, ta tallafa wa zawarawa da marasa ƙarfi da siminti.

A kwashe masan da suka kusa cika a watan Mayu ko farkon Yuni, kafin ruwa ya kankama, kuma a san inda masu kwasa ke kaiwa. Idan kududdufi ko bakin kogi suke juyewa, an dai ɗauke cutar daga gida ɗaya an raba wa gari. A ware musu rami a tudu nesa da rijiyoyi, a riƙa binnewa. Malamanku za su taimaka a nan fiye da kowane injiniya: hadisin da ya hana bahaya a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da ake zama sananne ne, huɗuba ɗaya kafin damina na yin aiki. A tuna wa iyaye mata cewa kashin jariri ma na ɗauke da cuta, a juye fo a masai a wanke hannu da sabulu, in babu ko da toka.

Akwai wuri ɗaya da nake roƙonka kada ku manta: makarantar firamaren da ke kan tudu. Duk garin da ruwa ya ci, can mutane ke gudu. Ɗaruruwan mutane a ajujuwa, masai biyu ko babu, ruwan sha daga inda aka samu. A nan kwalara ta fi samun gindin zama. In da ni ne, a harabar makarantar nan ko kusa da ita zan sa sabuwar burtsatsen, in gina masai masu tsayi na maza dabam na mata dabam, da ƙofa mai sakata. Duk shekara ɗalibai na amfana, ranar tsanani kuma gari ya samu mafaka.

Ruwa mai kyau kan lalace tsakanin famfo da baki. Jarkar 'yan garuwa da ba a wanke cikinta, randa a buɗe, moɗar da yaro ya jefa a ƙasa ya mayar. Da damina a riƙa sa kulorin a tanki da jarkoki. Jami'in lafiya na da ɗan abin awo, ana so a samu kusan miligiram 0.5 a kowace lita bayan minti 30. Kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai dauɗa, sai an fara kwantar da shi da alif ko dakakken ƙwallon zogale an tace. Kwantarwa kaɗai ba ta kashe cuta, dole a bi da kulorin ko a tafasa. Rijiyar da ambaliya ta shiga, a rufe ta har sai an kwashe ruwan, an yashe, an wanke da kulorin mai ƙarfi an bar shi ya kwana, an sake janyewa har warin ya tafi. Kada a yi gaggawar zuƙe ta alhali ƙasar kewaye na jiƙe sharkaf, tana iya ruftawa. Kuma kada a saukar da injin mai hayaƙi cikin rijiya, kada kowa ya shiga ba igiya a ƙugu da mutane a sama. Iskar cikin rami ta kashe masu yasa da masu zuwa ceto da yawa. Kowane gida ya san haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A fara ba mai gudawa tun a gida, ana kan hanyar asibiti ana ba shi.

Sai kuɗin gyara. Wani rahoton Bankin Duniya na 2017 ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na wuraren samar da ruwa a Najeriya kan tsaya tun a shekararsu ta farko. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Ku cire wani kaso daga abin da kuka tara ku ajiye tun yanzu, ku sa ɗan kuɗi a kan kowace jarka ko kowane gida a wata, a yafe wa marasa hali. Kwamitin ya kasance da mata, su ne ke fara sanin famfo ya soma nauyi ko ruwa ya canza ɗanɗano. A riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. A sayi robobi da sanduna da kulorin kafin damina, don in ruwa ya yanke hanya babu mai kawo muku daga Kano. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, da mai lura da ruwan koguna, NIHSA, na fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara kafin ruwa ya sauka, har da sunayen ƙananan hukumomi. A sa wani matashi ya riƙa bibiya ya sanar a masallaci.

Abu na ƙarshe ba ya cin ko kwabo. Ka zaɓi rijiyoyi uku, ɗaya a tudu, ɗaya a tsakiyar gari, ɗaya kusa da fadama. Ranar Juma'ar farko ta kowane wata, da sassafe kafin a fara ɗiba, a zura igiya mai alama a auna daga baki zuwa fuskar ruwa, a rubuta a littafi. Awon Satumba zai gaya muku iyakar zurfin da masai zai yi a kowace unguwa, awon Mayu kuma ya gaya muku inda za a rataya injin. Ku fara a watan nan, kuma in kun samu awon wata uku da tsayin layin ambaliyar, ka aiko mini mu duba inda ya dace a haƙa.